Samuel Fosso da 'Yancin Mutum Kan Kamanninsa

A shekarar 1975 wani yaro ɗan shekara 13 ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sunansa Samuel Fosso. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, ya tashi a Afikpo ta ƙasar Ibo, yaƙin Biyafara ya ɗaiɗaita danginsa, kawunsa ya tafi da shi Bangui. Da rana yana ɗaukar masu son hoton fasfo da na biki. Da dare kuwa, idan fim ya yi saura, sai ya zura wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ya manna baƙin tabarau, ya tsaya gaban labulen shagon ya ɗauki kansa. Wasu hotunan yakan aika wa kakarsa a Najeriya don hankalinta ya kwanta.

Masu sharhi a Turai sukan jera shi da Cindy Sherman ta Amurka, wadda ita ma ke shiga kamanni iri-iri. A ganina wannan kwatancin ya tauye shi. Tushen Fosso shagon hoton Afirka ne, inda mutum ke aron kwat ko agogo, ya jingina da babur, don ya fito yadda yake so a gan shi. Seydou Keïta da Malick Sidibé sun yi wa jama'ar Bamako wannan hidima. Fosso kuwa shi ne mai hoto, shi ne kuma mai zuwa a ɗauke shi. A Bamakon ne ma duniya ta fara ganin aikinsa, a baje kolin hotuna na 1994.

Akwai masu cewa wannan duk ado ne da son nuna kai. To, su dubi hotonsa na 1997, inda ya fito a matsayin basaraken da ya sayar wa 'yan mulkin mallaka Afirka: yana hakimce cikin fatar damisa da sarƙoƙin zinariya, riƙe da damin furanni. Mai son kansa ba ya ɗora wa fuskarsa irin wannan abin kunya. A 2008 kuma, cikin jerin African Spirits, ya sake tsara sanannun hotunan Patrice Lumumba da Kwame Nkrumah da Malcolm X da Angela Davis, fuskarsa ce a kowane. Yaron da yaƙi ya raba da gida ya zaɓi magabatansa da kansa, ya ara musu jikinsa.

A 2014 an wawushe gidansa na Bangui lokacin rikicin ƙasar, wasu 'yan jarida suka tsinto dubban fina-finan hotunansa a ƙasa suka ceto su. A 2023 ya ci kyautar ɗaukar hoto ta Deutsche Börse. Ya kamata sassan koyar da fasaha a jami'o'inmu su sa aikinsa cikin manhaja, su koyar da shi a matsayin tarihin Afirka da ɗan Afirka ya rubuta da kyamara.