Jamus ko Sifaniya: A ina rayuwa ta fi inganci?

Jamus da Sifaniya duk mambobin Tarayyar Turai ne, kuma kuɗi ɗaya suke kashewa, wato yuro. Sai dai idan aka auna rayuwar ɗan ƙasa, kowacce na da inda ta yi wa 'yar'uwarta zarra: Jamus a aiki da albashi, Sifaniya kuwa a tsawon rai da mallakar gida.

Aiki da albashi

A shekarar 2025, mafi ƙarancin albashi a Jamus yuro 12.82 ne a kowace awa, abin da ya haura yuro 2,000 a wata ga mai aikin cikakken mako, kafin a cire haraji. A Sifaniya kuwa yuro 1,184 ne a wata, amma sau 14 ake biya a shekara.

Alƙaluman Eurostat, hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai, sun nuna cewa a 2024 marasa aiki a Jamus ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, alhali a Sifaniya sun zarce kashi 10. A 2013, lokacin da matsin tattalin arziki ya yi ƙamari, adadin ya haura kashi 26 a Sifaniya, lamarin da ya sa dubban matasa, ciki har da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, suka tafi ci-rani Jamus.

Kiwon lafiya

Jamus na amfani da inshorar lafiya ta dole, wadda ta samo asali a 1883, zamanin Otto von Bismarck. Ana cire kashi 14.6 cikin 100 na albashi, haɗe da wani ɗan ƙari, ma'aikaci ya biya rabi, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya rabi. Tsarin Sifaniya, wanda dokar 1986 ta kafa, da kuɗin haraji yake tafiya, kuma gwamnatocin yankuna 17 ne ke kula da asibitoci.

Duk da cewa Jamus ta fi kashe kuɗi a fannin lafiya, 'yan Sifaniya sun fi tsawon rai: kimanin shekara 84, Jamusawa kuwa 81. Masana na danganta wannan rata da yawan mace-mace sakamakon ciwon zuciya a Jamus, da kuma cimar Sifaniyawa mai yawan kifi, ganyayyaki da man zaitun.

Muhalli

Kusan mutum uku cikin huɗu a Sifaniya na zaune a gidan da iyalinsu suka mallaka, alhali fiye da rabin mazauna Jamus 'yan haya ne. Amma wannan adadi ya ɓoye halin da matasa ke ciki. Saboda tsadar haya da ƙarancin albashi, matashin Sifaniya kan kai shekara 30 kafin ya bar gidan iyayensa, Bajamushe kuwa kimanin 24. A 2024 dubban mutane sun yi zanga-zanga a Madrid da Barcelona kan kuɗin haya.

Wace ce ta fi?

Amsar ta danganta da shekarun mai tambaya da abin da ya mallaka. Matashin da ke neman aikin farko ya fi samun mafita a Jamus, muddin ya koyi Jamusanci. Wanda ya riga ya mallaki gida, kuma yake da tsayayyen albashi ko fansho, ya fi morar Sifaniya.