Tsibirin Kwasakwasa: Yadda Ƙirga Ya Rinjayi Bindiga

Wanda ya je gaɓar gabashin jihar Florida ta Amurka a yau zai tarar da doguwar gadar katako da ta ratsa dausayi, ta ƙare a wata hasumiya. Daga samanta masu kallon tsuntsaye ke ɗaga madubin hangen nesa, suna leƙen wani ɗan tsibiri mai suna Pelican Island, wato Tsibirin Kwasakwasa, inda kwasakwasa da zalɓe da balbela ke yin sheƙa. Ba a yarda baƙo ya taka shi ba. Wannan tazara da aka sa tsakanin mutum da tsuntsu tana da tarihi, har da jini a cikinsa.

A ƙarshen ƙarni na 19, ƙawata hular mata da gashin tsuntsu ya zama yayi a biranen Amurka da Turai. Gashin da aka fi so shi ne wanda farin zalɓe ke fitarwa a lokacin ƙyanƙyasa kaɗai. Saboda haka mafarauta kan harbe iyaye a kan sheƙarsu, 'ya'yan kuma yunwa ta ƙarasa su. Sai da ta kai idan aka auna, gashin ya fi zinariya tsada.

A 1886, wani matashi mai sha'awar tsuntsaye, Frank Chapman, ya zaga titunan New York yana ƙirga huluna. Cikin 700 da ya gani, 542 na ɗauke da gashi ko gawar tsuntsu, daga nau'i 40. Abin da ake ji a bakin mutane ya zama lissafin da ba ya musantuwa. Shi ne kuma a 1900 ya ba da shawarar a bar al'adar gasar harbi ta ranar Kirsimeti, a fita ƙidayar tsuntsaye. Mutum 27 suka amsa kira, kuma har yau ana yin ƙidayar kowace shekara.

A can Florida kuwa, wani ɗan ƙaura daga Jamus, Paul Kroegel, ya daɗe yana shiga kwalekwale da bindigarsa don korar mafarauta daga tsibirin, ba tare da wani ya sa shi ba. Chapman da abokansa suka kai maganar gaban Shugaba Theodore Roosevelt. Ranar 14 ga Maris, 1903, ya sa hannu a kan umarnin keɓe tsibirin, wanda ya zama mafakar namun daji ta farko ta gwamnatin tarayya. Aka naɗa Kroegel mai gadi, a kan albashin dala 1 a wata.

Sai dai takarda ba ta tare harsashi. A 1905 aka harbe wani mai gadin tsuntsaye, Guy Bradley, a kudancin Florida yayin da yake ƙoƙarin kama mafarauta, kuma ba a hukunta wanda ya kashe shi ba. Sai da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta zo, yayin ma ya gushe, kafin cinikin ya mutu.

Yau Amurka na da irin waɗannan mafaka sama da 500. Shi kuwa tsibirin na farko, sabuwar barazana ta same shi: igiyar ruwan da jiragen ruwa ke tayarwa ta zaizaye fiye da rabinsa, har sai da aka zuba ɓawon kawa a gefensa don a tare ƙasar. Aikin gadin da Kroegel ya fara bai ƙare ba.