Kilishi

kilishi (suna, namiji): tsokar sa da aka yanka fale-fale, aka shanya a rana, aka tsoma cikin labun tunkuza da barkono, sannan aka gasa. Misali: Direba, tsaya mu sayi kilishi.

Guzurin matafiyi ne, kuma ya fi dacewa a neme shi a garin da ake yin sa, kamar Madawa ta Nijar, domin kowane mahauci da irin hannunsa wajen haɗa labu. Masu gudun abincin hanya suna kukan ƙura da ƙudaje, kuma da gaskiyarsu. Sai dai gashi ne matakin ƙarshe, don haka wanda ya saya da ɗuminsa, daga kan wuta zuwa takarda, ya fi mai sayen na leda sanin abin da zai ci.