Rabon Makamashin Rana Tsakanin Ƙasa, Ruwa da Iska a Birnin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ruwa da makamashin rana ke kai-komo tsakanin doron ƙasa da sararin samaniya a birnin Sakkwato. Ta hanyar kwatanta bazara da damina, ta nuna cewa damshin ƙasa na cikin manyan abubuwan da ke yanke hukuncin zafin da jama'a ke ji. Saboda haka matsalar zafi da ta ƙarancin ruwa a birnin tushensu ɗaya ne.

Gabatarwa

Hasken da ke isowa saman sararin duniya ya kai kimanin wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita da ke fuskantar rana. Kusan kashi 30 cikin ɗari gajimare da ƙura da doron ƙasa na mayar da shi. Abin da ƙasa ta riƙe kan bi hanya uku: ya ɗumama turɓaya, ya ɗumama iska, ko ya ƙafar da ruwa ya mai da shi tururi. Tun 1926 masanin Amurka Ira Bowen ya fito da ma'aunin kwatanta hanyoyi biyu na ƙarshe. Tambayar wannan nazari ita ce: wace hanya ce ke rinjaye a Sakkwato, kuma a wane lokaci na shekara?

Muhallin Nazari da Hanyarsa

Sakkwato na kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Ruwan sama na shekara yawanci kan tsaya tsakanin milimita 600 zuwa 700, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. An dogara da sanannun alƙaluman yanayin birnin da ƙa'idojin kimiyyar zafi, aka kwatanta lokuta biyu da rana ke tsayawa daidai tsakar ka: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta.

Sakamako da Tattaunawa

Tsayin rana ɗaya ne a lokutan biyu, amma zafin tsakar rana a Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, a Agusta kuwa bai cika wuce 30 da 'yan kai ba. Gajimare na da nasa kason a wannan tazara, sauran kuwa aikin ruwa ne. Ƙafar da kilo ɗaya na ruwa na cin kimanin megajul 2.45. A Afrilu, bayan wata shida ko bakwai ba ruwa, turɓaya ta bushe ƙarau, kusan duk makamashin da ta riƙe sai ya koma ɗumama iska. A Agusta ƙasa a jiƙe take, gero da dawa na fitar da tururi ta ganyensu, sai kaso mai yawa ya tafi wajen ƙafar da ruwa. Hikimar randa ke nan: ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yana ƙafewa, ya tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi.

Zafin da tururi ya ɗauka ba ya salwanta. Idan iskar damina mai laima, wadda ke tasowa daga Tekun Atalantika ta kudu maso yamma, ta ɗaga sama, tururin kan koma ɗigon ruwa ya zama gajimare, ya saki zafin a can. Wannan ne abincin hadarin da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi. Binciken HAPEX-Sahel da aka gudanar kusa da Yamai a 1992, da na AMMA a 2006, sun ƙarfafa fahimtar cewa bambancin damshi tsakanin fili da fili na da hannu a inda hadari ke haɗuwa.

Da hunturu al'amarin kan juye. Busasshiyar iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Hazon na tare wani sashe na haske da rana, da dare kuma rashin laima kan bar zafin ƙasa ya sulale sama, shi ya sa asubahin Janairu ke da sanyi.

Ɗan Adam ma ya sa hannu a wannan rabo. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 da ta Goronyo a 1984 sun canza lokacin da ruwa ke isa fadamar Rima, kuma faffaɗan ruwan da suka tara na ƙafewa duk tsawon rani. A cikin birni, kwalta da siminti da kwanon rufi ba sa riƙe ruwa: na damina kan kwarare nan take, na rani babu shi, sai su tara zafi da rana su amayar da shi da dare. Haka kuma, a 1975 masani Jule Charney ya danganta farin Sahel da ƙarewar tsirrai. Binciken da ya biyo baya ya nuna ɗumin tekuna ya fi tasiri a farin shekarun 1970 da 1980, amma ya tabbatar da cewa halin da ƙasa ke ciki na ƙara masa tsanani.

Kammalawa

Nazarin ya tabbatar da cewa inda ƙasa ke riƙe ruwa, makamashin rana kan tafi a tururi, inda ta bushe kuwa ya zauna a jikin mutane. Don haka ana kira ga hukumomin tsara birni su kare fadamar Rima daga gine-gine, su yawaita dasa itatuwa masu jure fari irin dogon-yaro, su bar filayen da ruwa zai nitse. Ya kamata kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hukumar kula da yanayi ta NiMet su haɗa kai wajen auna haske da damshin ƙasa da ƙafewar ruwa a unguwanni da fadama, domin a tsara birnin bisa alƙaluman da aka auna a cikinsa.