Jakar gwaiduwa: ɗaya daga cikin abubuwan farko da ake gani a hoton ciki

Mace mai ƙaramin ciki da ta je awo a asibitin Salaga, Yendi ko Bawku, idan aka ɗauki hoton cikinta da wuri, mai yiwuwa ba za a nuna mata tayi ba, sai wani ɗan zobe mai farin baki. Shi ne jakar gwaiduwa, wadda takardun asibitin Ghana ke kira “yolk sac”, Faransanci kuwa “vésicule vitelline”. An aro sunan ne daga ƙwan kaza, amma ta ɗan Adam babu gwaiduwa a cikinta.

Jakar na samuwa a mako na 2 bayan haɗuwar ƙwan mace da maniyyi. Na'urar da ake sanyawa ta farji kan gano ta a mako na 5 zuwa 6, idan aka ƙirga daga haila ta ƙarshe. Wadda ake ɗorawa a kan ciki takan makara da kamar mako guda. Faɗinta milimita 3 zuwa 5 ne.

Kafin mabiyiya ta kama aiki sosai, jakar na taimakawa wajen kai wa tayi abinci. A jikinta ne jini na farko ke samuwa, daga baya hanta ta karɓi aikin. A kusa da ita kuma ake fara ganin ƙwayoyin da za su zama maniyyi ko ƙwan mace. A mako na 4 wani ɓangarenta kan shige cikin tayi ya zama hanji. Wajen mako na 12 takan ɓace daga hoto. A kusan mutum 2 cikin 100, wani guntun bututunta kan rage a ƙaramin hanji, abin da Bajamushe Johann Meckel ya bayyana a 1809.

Ganin jakar a cikin mahaifa na tabbatar da cewa ciki ya zauna inda ya kamata. Wanda ya zauna a bututun ƙwai yana iya fashewa, mace ta yi ta zubar da jini ta ciki, haɗarin kuma ya fi yawa ga wadda ƙauyensu ke nesa da ɗakin tiyata. Idan jakar ta wuce milimita 6, ko ba a gan ta ba, likita kan sa a maimaita hoto bayan mako ɗaya ko biyu, domin sau da yawa lissafin kwanaki ne ya kuskure.

Tun 2008 Ghana ke yi wa masu ciki rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta. Ciwon mara a gefe ɗaya, jiri ko ɗigon jini a farkon ciki ba sa jiran ranar awo.