Hunturu da batirin mota: ɗari ne abin tsoro ko zafi?

Duk direban da ya saba sammakon Alhamis daga Gumel ko Gagarawa zuwa kasuwar Maigatari ya san wannan: da asubar hunturu ka murɗa makulli, mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Sai a nemo samari a tura.

Matsalar tsohuwa ce. Batirin dalma da ruwan asid da ke cikin motar nan, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. A 1889 kuma Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya fitar da lissafin da ke nuna cewa sinadarai suna rage saurin aiki idan sanyi ya ƙaru. Batiri kuwa ba komai ba ne illa sinadarai masu aiki a cikin akwati. Wutar tana nan, fitowarta ce ke yin nawa.

Motar lantarki ma ba sabon abu ba ce. A wajajen 1900 tana gogayya da mai fetur a titunan Amurka, har sai da Cadillac ta fito da sitata a 1912, aka huta da wana inji da hannu. Daga nan kasuwarta ta yi ta ja baya. Da ta dawo da batirin litiyam, sai ta dawo da wata matsalar. Injin fetur yana zubar da zafi kyauta, da shi ake ɗumama cikin mota. Ita kuwa daga batirin tafiya take ɗiba. A gwajin da ƙungiyar AAA ta Amurka ta fitar a 2019, a ma'aunin sanyi na kusan 7 ƙasa da sifili, da hita a kunne, nisan tafiya ya ragu da kashi 41 cikin 100.

To mu fa? A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, don haka tambayar ta iso gida. Gaskiyar magana, ɗarin Sule Tankarkar, duk da yana fasa leɓe, bai kai kusa da wancan ba. Ɗan ragin da zai jawo da safe, rana na ɗagawa ya wuce.

Bazara ce abin dubawa. A gwajin nan dai, a ma'aunin zafi 35 da AC a kunne, ragin kashi 17 ne, mu kuwa muna haura 40 a watan Afrilu. Sannan abin da sanyi ya riƙe yana dawowa, amma wanda zafi ya ci ya tafi ke nan. Masu Nissan Leaf a jihar Arizona sun koka da haka a 2012: batirin motar ba shi da ruwan sanyaya, ƙarfinsa ya riƙa raguwa da wuri. Irin waɗannan tsofaffin motoci ne kuma suka fi araha a kasuwar tokumbo. Wanda zai saya ya fara tambayar yadda ake sanyaya batirin, da kuma ko yana da inuwar da zai riƙa ajiye ta.