Bakteriyofaj da Garkuwar Jikin Ɗan Adam

Bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, nau'in bairos ne da ba ya kama ɗan Adam. Abincinsa bakteriya ce: yakan manne mata, ya zuba ƙwayar halittarsa a cikinta, ya hayayyafa, har ta fashe. Félix d'Hérelle ne ya raɗa masa suna a Faris a 1917, kuma cibiyar Eliava da ke Tibilisi, a ƙasar Jojiya, ta daɗe tana jinya da shi tun bayan kafa ta a 1923.

Abin da ya sa likitoci suka sake waiwayarsa shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna. Mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa matsalar ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma ta fi ƙamari a Afirka ta Yamma. Wanda ya san yadda ake sayen kafso ɗaiɗai a kemis, daga Bakori zuwa Funtua da Malumfashi, ba zai yi mamaki ba.

Sai dai jiki bai san faj magani ba ne. Baƙo yake ɗaukarsa. Idan aka yi allurarsa a jijiya, hanta da saifa kan tace kaso mai yawa daga jini, kuma idan jinya ta daɗe, jiki kan ƙera sinadaran kariya da ke kashe masa kaifi. An ga haka ƙarara a wani rahoto na 2021 daga Amurka, kan wani dattijo ɗan shekara 81 mai ciwon huhu: ƙwayoyin cutar sun ragu a watan farko, amma bayan wata biyu suka dawo, domin garkuwar jikinsa ta riga ta gane maganin ta far masa.

Duk da haka faj ba ya cin nasara shi kaɗai. Wani gwaji na Cibiyar Pasteur a 2017 ya nuna cewa ɓerayen da aka raba da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ba su warke daga ciwon huhu ba, ko da an ba su faj. Faj ne ke rage yawan abokan gaba, garkuwar jiki ta ƙarasa waɗanda suka bijire masa.

Saboda haka likitoci kan auna jinin majinyaci a lokacin jinya, su sauya nau'in faj idan ya daina aiki, ko su shafa shi kai tsaye a kan miki, ko su ba da shi ta hanyar shaƙa.